Injin gurza da samfefa: abin da na gani a jikin tsohuwar 504

Peugeot 504 ɗin da ke ajiye a gidanmu na Tudun Wada, Gusau, ta mahaifinmu ce, ƙirar Kaduna, daga kamfanin nan da ya fara haɗa motoci a 1975. Injinta lafiya lau. Jikin ne ya gaji: rana ta ƙone fentin rufi da na bonet, tsatsa ta ci gindin ƙofofi, ga lotsawa nan da can. Ni malamin makaranta ne, ba fanel bita ba, sai dai hannuna ba ya iya zama. Na ce zan gyara jikin da kaina a ranakun Asabar da Lahadi, in ya so feshin ƙarshe in kai wa masu sana'ar.

Duk wanda na yi wa maganar, amsarsa ɗaya: je ka ari giranda wurin masu walda, ka sa mata faifan samfefa, kafin la'asar ka gama. Maimakon in gwada a kan motar, sai na sayo wata tsohuwar ƙofa wurin 'yan gwangwan. Giranda mai faifan inci huɗu da rabi tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, kuma a kan layi ɗaya take zagayawa. Ƙarfen jikin mota kuwa da ƙyar kaurinsa ya kai milimita ɗaya. Ina ɗora ta fenti ya tashi nan take, amma inda na ɗan daɗe sai ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, ya ɗan lanƙwasa ciki, ga kuma zane-zane masu zurfi da farce ke maƙalewa a ciki. Giranda tana da wurinta: cin tsatsa mai kauri da share bakin walda. Ban kai ta kan rufi ko tsakiyar ƙofa ba.

Akwai ƙaramin inji mai kusurwa huɗu na kafintoci, wanda karkarwa kawai yake yi. Ba ya ɓarna, ba ya kuma cin aiki. A kan fentin mota sai ka wuni wuri ɗaya. Wanda na tsaya a kai shi ne mai zagayayyen faifai da ke juyawa yana kuma lilo a lokaci guda, ta yadda ƙwayar yashi ba ta bin sawu ɗaya sau biyu. Shi ya sa ba ya barin zane mai zurfi, ba ya kuma dafa ƙarfe.

Shi ma iri biyu ne, na iska da na lantarki. Na iska ya fi sauƙi a hannu, shi manyan gareji suka fi so, amma yana shan iska ba kaɗan ba. Ƙaramar kwamfiresa, wato injin da ke tara masa iskar, mai tankin lita 25 ko 50 ba ta iya riƙe shi. Ka yi ɗan aiki, ka tsaya jiran ta cika. Babbar kwamfiresa kuma sai babban janareta. Na lantarkin da na saya bai wuce wat 300 ba, ƙaramin janaretan gida yana ɗaukarsa ko da babu wuta, kuma wannan ne ya yanke mini hukunci. Bosch da Makita suna da irinsa, Ingco da Total ma haka a farashi mai sauƙi. Ni matsakaici na ɗauka. Abin da na fi dubawa shi ne ya zama yana da wurin rage gudu, sannan faifansa na milimita 125 ne mai huji takwas, domin shi ne na tabbatar zan riƙa samun takardarsa ba sai na yi saƙo Kano ba. Inji komai kyansa, in babu takardar da ta dace da faifansa, kayan ado ne. Hujin kuma ba kwalliya ba ce, ta nan yake zuƙe ƙura. In na takardar bai hau kan na faifan ba, ƙurar sai ta taru ta toshe yashin.

Samfefa kam ita ce aikin gaba ɗaya, kuma ita ta fi cin kuɗina, fiye da injin. Lambar da ke bayanta, in ƙarama ce yashin manya ne, in babba ce yashin ƙanana ne. Da 80 na cire tsohon fenti inda ya fashe, ita ce kuma ke barin kaushin da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, ke kamawa. A gindin wata ƙofa na iske tsohuwar fila mai kaurin yatsa, tsatsa na ci a ƙarƙashinta, can ne kaɗai na sa 40. Daga 80 sai 120, sai 180, sai 240 kafin faraima, wato fentin ƙasa mai ruwan toka. Kowace lamba aikinta ta goge zanen wadda ta gabace ta, kuma ba ta iya goge na wadda ta yi mata nisa. Wanda ya tsallaka daga 80 zuwa 320, wurin zai yi masa santsi a tafin hannu, faraima ta cike zanen, fenti ya hau ya yi ƙyalli. Sai motar ta sha ranar Gusau na wasu makonni, faraimar ta tsuke, layukan su fito a ƙarƙashin fentin. A kan bonet ɗin wannan motar na ga irin haka, aikin wani da ya taɓa yi mata fenti shekarun baya: in ka tsuguna da yamma ka kalli bonet ɗin a karkace, za ka ga sawun faifansa zagaye-zagaye.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne harafin P da ke gaban lambar. Wannan ma'aunin Turai ne. Na Amurka ba shi da P, kuma a ƙananan lambobi kusan ɗaya suke, amma a sama sun rabu: P800 ta yi daidai da kusan 400 ta Amurka. In mai fenti ya ce ka kawo masa mota a kan 600, duba bayan takardar tukuna.

Jar takardar kafintoci ba ta jure fentin mota, shafa kaɗan ta cushe. Fara-faran nan masu rufin da ke hana cushewa sun fi tsada, amma ɗaya tana yin aikin da dama daga cikin masu arha. Gwajin da nake yi a shago shi ne in lanƙwasa gefen takardar in murza da babban yatsa. In yashi ya zubo, ba na saye. Baƙar takarda ta ruwa kuwa sai a kan faraima, P400 in fentin ba mai ƙyalƙyali ba ne, P600 zuwa P800 in mai ƙyalƙyali ne, bayan an jiƙa ta a bokiti da ɗan sabulu. Ba a kai ruwa kan fila, domin tana tsotsewa ta kai wa ƙarfen da ke ƙasa.

Akwai wani dattijo fanel bita da nake zuwa gaishewa in na tashi daga makaranta. Da na nuna masa injin, ya juya shi a hannu, ya ce, "Malam, ya yi kyau. Amma inji ba ya da ido, inda ya iske rami sai ya bi shi." Na ce, "To Baba, da me ake daidaitawa?" Sai ya miƙo mini wani miƙaƙƙen katako da ya haura kamu ɗaya, duk ya sha hannu, an naɗe shi da samfefa. Faifan injin yana da taushi kuma gajere ne, yana hawa tudu ya sauka kwari, ya bar su yadda ya same su, santsi kawai ya ƙara musu. Katakon dogo ne, kan tudun kaɗai yake taɓawa har sai ya yi daidai da kwarin.

Dattijon ne ya koya mini dabarar baƙin fenti. Ka fesa na gwangwani sama-sama a kan filar, kamar yayyafi, sannan ka bi da katakon a karkace, dama sannan hagu, ba gaba da baya ba. Inda baƙin ya rage, rami ne, sai an ƙara fila. Inda ƙarfe ya leƙo da wuri, tudu ne, sai an ɗan buga shi ƙasa. A ƙofar direba, wadda tafin hannuna ya rantse ta yi sumul, baƙin ya fito da ramuka uku a jere. Tun daga nan na raba aikin: inji ya cire fenti ya kuma sassauta bakin tsohon fenti inda ya haɗu da ƙarfe, katako ya daidaita fila. Layukan jikin motar da bakin ƙofofi kuwa da hannu zalla, don inji yana cinye kaifinsu kafin ka ankara. Kuma injin ba a danna shi, ba a karkata shi. A kwance yake aiki, da nauyinsa.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. A bazara, in zafi ya haura digiri 40, fila tana daskarewa a kan faranti kafin ka gama shafawa, don haka da sassafe nake kwaɓawa, kaɗan-kaɗan, a inuwar darbejiya. Duk inda na buɗe ƙarfe ba na bari ya kwana babu faraima, balle da damina. Ƙurar fila da ta tsohon fenti kuma ba ta shaƙa ba ce. Ɗaura ƙyalle a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi mai matata, kuma ina korar yara daga tsakar gida har sai an yayyafa ruwa an share.

Yanzu motar duk tana cikin faraima, na bi ta da P400. Mai fentin ya zo ya shafa, ya ce in sake bin rufin da katako, sauran kuma mu jira ƙurar hunturu ta kwanta kafin ya fesa.