Laraba, awa 60 da kurɓar ƙarshe

Kiran ya shigo tun kafin sallar asuba, daga ɗakin masu karaya. Magidancin da aka kwantar daren Lahadi bayan ya faɗi da babur ya fizge robar ƙarin ruwa, yana ta kakkaɓe zanin gado wai kiyashi sun cika shi. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, hannu na rawa, bugun zuciya 128, zafin jiki 38.4. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, sukari daidai, hoton kai ba jini. 'Yan uwa har sun fara zancen nemo mai ruƙiyya.

Matarsa ta ce, "Wallahi Likita, maigida ko sigari ba ya sha." Ƙanensa bai ce uffan ba sai da muka fito baranda. "Likita, Yaya yana ɗan taɓawa. Kullum bayan isha'i, an fi shekara goma. Don Allah kada Hajiya ta ji." Kurɓar ƙarshe yammacin Lahadi ne. Lissafi ya fito: mai shan giya kullum in ya yanke, rawar jiki da fargaba kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya kafin awa 48, ruɗewa da gane-gane kuma daga awa 48 zuwa 96. Gadon asibiti ne ya yanke masa giyar ba tare da kowa ya sani ba. A wurinmu haka abin ya fi zuwa, don ba wanda zai amsa tambayar a gaban surukarsa. A keɓe ake yin ta, kuma "yaushe rabonka da ita?" ta fi "kana sha?" samo gaskiya.

Abin da ke faruwa cikin kansa ba shi da wuyar bayani. Ƙwaƙwalwa na da birki, sinadarin GABA, wanda in ya sauka a kan makarɓarsa, wato wurin da ke karɓarsa a jikin ƙwayar jijiya, sai ƙofa ta buɗe, kuloraid ya shiga ƙwayar jijiya, ta lafa. Tana kuma da totur, gulutamet, mai aiki ta makarɓa irin su NMDA. Giya tana ƙara wa birki ƙarfi, ta danne totur. Shekara da shekaru ana haka, sai ƙwaƙwalwa ta rama: ta janye wasu makarɓan GABA-A daga bayan ƙwayar jijiya, ta sauya zubin waɗanda suka rage, ta ƙara yawan NMDA. Muddin giya na jini, ma'auni ya daidaita. Ranar da ta ƙare, birki ya sance, totur a murɗe. Ga kuma noradirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, na kwarara daga gindin ƙwaƙwalwa, shi ne gumin da bugun zuciyar.

Don haka maganin shi ne a ara masa birki. Diyazefam miligiram 10 ta jijiya, a hankali, kada a wuce miligiram 5 a minti ɗaya, a maimaita bayan minti 10 har sai ya yi lamo amma in an kira shi ya amsa. Sista tana tsaye tana ƙirga numfashi. Ta tsoka ba a yi, don shigarsa jini ba ta da tabbas. Da hantarsa ta lalace da lorazefam za mu nema, shi bai cika wahalar da hanta ba. An sa masa bitamin B1 ta jijiya kafin a rataya ruwan sukari, saboda sukari kan cinye ɗan abin da ya rage a jikin mashayi, a wayi gari da ruɗewa, ido ya karkace, tafiya ta zama tangaɗi. An aika jini a duba fotasiyam da maganiziyam. Wani ya kawo shawarar kulofuromazin, maganin taɓin hankali, tunda yana gane-gane. An hana, yana sauƙaƙa wa jijjiga hanya. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, shi ma ba ya tsare irin wannan jijjigar. Takardar auna tsananin janyewar giya ta CIWA-Ar, mai tambaya 10 da maki 67, ba ta da amfani yau, don rabinta sai mara lafiya ya ba da amsa da hankalinsa. Zuwa hantsi ya samu barci.

Bayan azahar ƙaramin likitanmu ya yi tambayar da ta fi duk aikin safe nauyi: "Yallaɓai, in mako ɗaya ya isa rawar jiki ta wuce, me ke mayar da su bayan wata biyu?" Ƙanen ya riga ya ba mu amsar bai sani ba. Ya ce da can Yaya don nishaɗi yake sha, yanzu kuwa in la'asar ta yi bai tanadi kwalba ba sai ƙirjinsa ya riƙa dukan uku-uku, ya kasa zama wuri ɗaya.

Wannan ba aikin birki da totur kaɗai ba ne, aikin amigdala ne, ɗan curin da ke can cikin gefen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro, da wani curin maƙwabcinta da ake kira BNST. George Koob, wanda ya zama shugaban cibiyar binciken giya ta gwamnatin Amurka a 2014, ya kasa jaraba gida uku: maye, sai ƙuncin rashi, sai ƙawa da saƙe-saƙen komawa. Gida na biyu a amigdala yake zaune. Akwai sinadarin CRF, wanda Wylie Vale da abokan aikinsa suka gano a 1981. An san shi da tayar da sinadaran damuwa na jiki, amma a tsakiyar amigdala yana da nasa aikin daban, kuma yana hauhawa duk lokacin da giya ta janye. Marisa Roberto a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ta nuna cewa a wannan wurin giya na ƙara fitar GABA ta hanyar CRF1, ɗaya daga makarɓan CRF, kuma a ɓeran da ya saba da giya tsarin kan ƙara kaifi. Abokin hamayyar CRF shi ne NPY, mai kwantar da hankali. Ɓerayen da aka cire musu shi sun fi shan giya. Wani sinadarin kuma, dainofin, yana rage dofamin, sinadarin jin daɗi, shi ya sa abinci da hira da iyali duk suke zama lami.

Yadda ake auna abin a ɓera yana da ban sha'awa. Ana sa shi a akwatin tururin giya awa 14 a rana, a cire shi awa 10, tsawon makonni. Sannan a ɗora shi a kan wani katako mai reshe huɗu da aka ɗaga sama, biyu da bango, biyu a buɗe, a ba shi minti 5. Wanda giya ta janye masa sai ya maƙale a lungun bango. In aka ɗiga masa maganin toshe CRF a tsakiyar amigdala sai ya fito fili, shan da yake yi fiye da kima ya ragu. Ɓeran da bai kamu ba kuwa, maganin bai sauya shansa ba. Wato fargabar ƙirar giya ce, kuma ita ce ke tura shan. Subhash Pandey a Shikago ya bi sawun abin har cikin ƙwayar halitta: shan giya a ƙuruciya yana ƙulle wurin da ke kunna wata ƙwayar gado mai suna Arc a amigdala, kuma a 2022 tawagarsa ta buɗe wurin a ɓeraye, fargaba da sha suka ragu.

A ɓera ke nan. Da aka gwada magungunan toshe CRF1 guda biyu, feksasafon da berusafon, a kan mashaya masu fargaba a Amurka, ba su rage ƙawar giya ba. Ni dai ina ganin wannan gargaɗi ne ga mai saurin ɗaukar labarin ɓera ya kai gadon mara lafiya, ba hujjar watsar da amigdala ba. Firazosin, tsohon maganin hawan jini mai tare noradirenalin, ya fi nuna alama a wurin masu tsananin alamun janyewa.

Abin da wannan ke nufi ga mutuminmu: diyazefam a rage shi cikin mako guda, kada a sallame shi da shi a aljihu, don makarɓa ɗaya suke taɓawa da giya, an canja masa jaraba ne kawai. Kada a yi gaggawar rubuta masa ciwon fargaba sai ya yi kamar wata ɗaya ba giya. In fargabar ta ci gaba, a nemi magani na daban. A gaya wa ƙanen kada a riƙa yanke masa giya a gida ba kulawa, don kowane yankewa da komawa yana sa na gaba ya fi muni. Naltirekson, maganin rage ƙawar giya, miligiram 50 a rana zai dace in hanta ta yarda, amma sai ya yi kwana 7 zuwa 10 ba taramol ba kodin a jikinsa, in ba haka ba ƙwaya ɗaya ta jefa shi cikin wata azabar. Ga shi kuma mai karaya ne.

Da magariba na duba katin maganinsa. Taramol aka rubuta masa don ciwon ƙafa tun daren Lahadi, shi ma mai jawo jijjiga ne. An soke, an sauya. Sista ta dare za ta auna numfashi da bugun zuciya kowace awa.