Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Na Sake Tsara Kundina

Saura kwana tara a rufe karɓar kundaye na shiga wani shagon buga takardu da ke bakin ƙofar jami'armu, filas ɗina na cikin jaka. Aikin shekara biyu da rabi ne a cikinsa, kundin digirina na biyu a kan kalmomin sana'ar rini. Saboda shi na yi ta zirga-zirga a marinar Ƙofar Mata har dattawan wurin suka daina tambayata abin da ya kawo ni. Yaron shagon ya soka filas, ya buɗe fayil, ya yi shiru. Can sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Anti, haka kika rubuta shi kuwa?"

Na leƙa, gabana ya faɗi. Duk inda na rubuta ƙasa, }asa nake gani. Kalmar ɗanye ta koma ]anye, ɓawo ya koma ~awo. Tun daga sadaukarwa har zuwa rataye, babu shafin da ya tsira.

Daga baya na fahimci dalili, kuma ina so duk mai rubuta kundi da Hausa ya fahimce shi. A zamanin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, masu kishin harshen nan sun yi wata dabara mai kyau: suka ƙera nau'in rubutu na musamman, wanda idan ka danna alamar } sai ya zana maka ƙ, idan ka danna ] ya zana ɗ. Dabarar ta yi wa Hausa hidima sosai, an buga littattafai da kundaye masu yawa da ita, kuma da ita malamanmu suka koya mana. Sai dai riga ce kawai aka sa wa alamar. A cikin cikinta kwamfuta } take riƙe da shi. Ranar da ka kai fayil ɗinka kwamfutar da ba a saka mata wannan nau'in rubutun ba, rigar ta tuɓe, abin da ke ƙasa ya bayyana.

Yanzu kuwa haruffanmu suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode, kamar kowane harafi na duniya. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa kuma 01B4. A cikin Word, idan ka rubuta lambar ka danna Alt da X tare, nan take za ta rikiɗe ta zama harafin. Windows ma tana da madannin Hausa da za ka iya ɗorawa, kuma Times New Roman na kwamfutocin yanzu yana ɗauke da waɗannan haruffa. Harafin da aka rubuta ta wannan hanya, ko waya aka tura shi, ko intanet aka ɗora shi, yana nan yadda yake.

A daren nan na zauna na musanya su da Ctrl da H, ƙanana uku da manya uku. A nan ma akwai rami. Kundin nazarin harshe cike yake da baka mai kusurwa na gaskiya, domin a cikinsa ake sa furucin kalma. Da na ce a musanya kowane ] da ɗ, da na rusa dukkan misalan furucin da ke babi na huɗu. Allah Ya taimake ni, a akwatin musanyar akwai wurin da za ka ce a taɓa alamar da ke cikin nau'in rubutu kaza kaɗai. Da shi na raba tsaki da tsakuwa.

Na ɗauka na gama. Ashe somin-taɓi ne.

Washegari aka buga mini kwafi ɗaya na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya buɗe ƙumshiya, ya ɗora yatsa a kan wani kan magana, ya tafi shafin da aka rubuta, bai same shi ba. Ya gwada na biyu, haka. Ya cire gilashinsa ya ce, "Malama, bincikenki yana da kyau, ni shaida ne. Amma mai jarrabawa na waje bai san ki ba. Ƙumshiya zai fara buɗewa. Idan ta ɓatar da shi sau biyu, da wane ido zai karanta sauran?" Na ce, "Malam, zan gyara in sha Allahu." Ya ce, "Ki gyara. Amma ki sani ba a fafe gora ranar tafiya."

Ƙumshiyar nan da hannu na rubuta ta. Kowane layi na buga kan maganar, na bi shi da ɗigo-ɗigo har ƙarshen layi, na sa lambar shafi. Abin da ban sani ba shi ne kwamfutata a kan girman takardar Amurka take, wadda ake kira Letter, mai faɗin milimita 216 da tsawon 279. Mu kuwa A4 muke amfani da ita, faɗinta 210, tsawonta 297. Da yaron shago ya mayar da fayil ɗin A4, kowane shafi ya ƙara tsawo ya rage faɗi, rubutu ya gusa, lambobin da na jera da hannu suka zama ƙarya. Ga kuma wata ɗabi'a da nake da ita: idan ina son sabon babi ya fara a sabon shafi, sai in yi ta danna Enter har ya sauka. Da shafuka suka gusa, sai ga "Babi na Uku" zaune a tsakiyar takarda, farin fili a samansa.

Wanda ya cece ni wani abokin aikina ne, malamin lissafi a sakandaren da nake koyarwa. Shi da LaTeX ya rubuta nasa kundin, tsarin da Leslie Lamport ya gina a kan TeX na Donald Knuth, wanda masu lissafi da kimiyya suke ji da shi saboda yadda yake jera alamomin lissafi. Ya nuna mini, na yaba, amma na ce masa ba da ni ba a kwana bakwai. Har yanzu ma ra'ayina shi ne ɗalibin Hausa ko tarihi ko ilimin addini ya tsaya a Word, domin shi malaminsa zai iya buɗewa ya yi gyara, shi kuma kowane shago ya sani. Ya ce to mu koma Word ɗin, amma mu yi shi yadda masu shi suka nufa. Ya danna Ctrl da Shift da 8, sai ga duk ɓoyayyun alamomin da ke bayan rubutuna sun fito fili: jerin Enter, tarin tazarar da na yi ta bugawa don in tura kalma tsakiya. Ya ce, "Kin ga matsalar? Kin yi ta yi wa kowane layi ado shi kaɗai. Ba ki taɓa gaya wa kwamfutar wane ne babi, wane ne kan magana ba."

Wannan jumlar ita ce dukkan sirrin. Muka buɗe sabon fayil, fari fat, muka ajiye littafin ƙa'idojin sashenmu a gefe, muka fara gina kwarangwal. Takarda A4. Gefen hagu inci ɗaya da rabi saboda ɗinki yana cin wuri, sauran gefuna inci ɗaya. Rubutu Times New Roman mai girman 12, tazara biyu tsakanin layuka. Sannan muka shiga salailan da Word ke da su. Heading 1 muka ce masa: kai ne kan babi, manyan haruffa, a tsakiya, kuma kullum ka fara a sabon shafi. Heading 2 shi ne 1.1 da 1.2, Heading 3 shi ne 1.2.1, lambobin kuma su riƙa jera kansu. Muka ƙirƙiri salo na musamman ga doguwar maganar da aka ciro daga wani, mai shiga ciki da tazara ɗaya, da wani ga misalan kalmomi.

Lambobin shafi su suka fi ba mu wuya. Shafukan farko, wato amincewa da sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙumshiya, lambobin Romawa suke ɗauka, i, ii, iii. Babi na ɗaya kuma ya fara da 1. Da can fayil biyu nake ajiyewa saboda wannan kaɗai. Ashe abin da ake yi shi ne a sa shingen sashe a ƙarshen shafukan farko, a shiga ƙasan shafi a kashe Link to Previous, sai kowane sashe ya ci gashin kansa. Sau uku muna yi yana ƙi, saboda mun manta kashe wannan maɓallin.

Dare uku na yi ina kwashe rubutuna zuwa cikin kwarangwal ɗin, babi bayan babi, ina liƙa shi tsirara ba tare da tsohon adonsa ba, ina sa wa kowane kan magana salonsa. Wuta ta ɗauke a dare na biyu, na ƙarasa da abin da ya rage a batir, 'yata tana haska mini littafin ƙa'idoji da fitilar waya. Jadawalaina goma sha huɗu, na kayan aiki da na launuka da na matakan haɗa baba da toka da katsi, kowanne na sa masa take ta Insert Caption maimakon in buga lambarsa da hannu. Da na gama na je shafin ƙumshiya na ce ta fito. Cikin ƙiftawar ido ta jeru, da ɗigoginta da lambobinta. Na yi jerin jadawali, shi ma haka. Daga ranar, duk gyaran da Malam ya ba ni, in na gama sai in danna Ctrl da A, in danna F9, komai ya daidaita kansa. Na daɗe ina kallon shafin nan, ina tuna yawan dararen da na ɓatar ina ƙirga ɗigo.

Manazarta kuwa na makara. Ƙamusun Bargery na 1934 kaɗai na same shi a rubuce iri uku a cikin kundin. Zotero, manhajar tattara manazarta, kyauta ce, kuma da tun farko na zuba littattafaina a cikinta da ta jera mini su a tsarin rubuta manazarta na APA ba tare da wahala ba. Bugu na bakwai na APA, wanda ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, sunan maɗaba'a kawai ake rubutawa, don haka ka tambayi sashenku bugun da suke bi kafin ka fara. Ka kuma bi jerin da idonka, domin wasu manhajoji ba su san Ɗ tana bin D ba, Ƙ tana bin K, sai su jefa su can bayan Z.

Akwai abin da ke ci mini rai har yau. Jami'o'i da yawa a duniya suna ajiye wa ɗalibansu shiryayyen fayil a shafinsu na intanet, ka sauke ka fara rubutu a ciki. Mu littafin ƙa'idoji aka miƙa mana, kowa ya je ya yi ta fama, kuɗin bugu da na sake bugu suna fita daga aljihun mutanen da albashinsu bai kai ƙarshen wata ba. Aikin yini ɗaya ne malami ɗaya ya zauna ya gina wa sashe kwarangwal, da haruffa masu lanƙwasa na gaskiya a cikinsa. Nawa na adana shi a matsayin .dotx, nau'in fayil ɗin da kullum yake buɗe maka sabon kwafi ya bar na asali, kuma duk wanda ya zo bayana na ba shi. Sharaɗina ɗaya: ya buɗe shi ranar da zai rubuta jumlar farko ta babi na ɗaya.

Ranar bugu na ƙarshe PDF na kai shago, domin shi yana tafiya da nau'in rubutunsa a jikinsa, kuma babu kwamfutar da za ta gusar masa da layi. Na tsaya a kan yaron har shafin ƙarshe ya fito, na ce ya tabbata bai bar na'ura ta rage girman shafi ba. Saura kwana biyu na miƙa.

Bayan an kare kundi an ɗinke shi da baƙin bango, na ɗauki kwafi ɗaya na koma Ƙofar Mata wajen dattijon da ya fi kowa haƙuri da tambayoyina. Ya goge hannunsa mai shuni a jikin rigarsa, ya karɓa, ya auna nauyinsa, ya miƙo mini. Ya ce, "'Yata, ina kika sa maganar katsi?" Na ce, "Baba, bari in duba." Na buɗe jerin jadawali, na ga shafi na 94. Na buɗe shafi na 94, ga shi nan a sama. Na durƙusa a bakin karofi na karanta masa, ya gyara mini furucin kalma ɗaya, na sa biro na rubuta a gefen shafin.