Alhamdulillah, an sallamo Baba

Jiya da yamma muka dawo da Baba gida, bayan kwana 19 a asibiti. Wallahi ba ni da ƙarfin amsa saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, ku yi min afuwa.

Kun san yadda aikin toshewar hanjin ya kasance, ba sai na maimaita ba. Daren kwana na huɗu ne ya ƙi fita daga raina. Ina gefen gadonsa sai ya kama rawar ɗari, haƙora na haɗuwa, ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta auna shi, zafin jiki ya haura 39, zuciya na bugawa da sauri, jini kuma ya sauka. Ba ta jira wayewar gari ba, ta taso likita. Aka ɗebi jininsa don gwaji, nan take aka ɗaura masa ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ni kuwa na fita waje ina kuka, don na riga na ɗora wa kaina laifi. Ni ke goge masa jiki, hannuna ne kullum kusa da ɗinkin. A nan ƙaramin likitan ya same ni. Ya ce, "Yaya, ɗinkin nan tsaf yake, daga ciki abin ya fito." Ya juya bayan wata takarda ya zana min hanji. Ya ce kowa hanjinsa cike yake da bakteriya, abin da ya raba su da jini kuwa ɗan siririn bango ne, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta. Idan hanji ya toshe ya kumbura, jinin da ke isa gare shi ya ragu, ga kwanaki ba abinci, sai bangon ya yi rauni. Ta nan suke ratsawa zuwa kaluluwar da ke jikin hanjin, daga can su faɗa jini. Bayan kwana 2 gwajin jinin ya nuna wata bakteriya mai suna E. coli, wadda dama hanji ne mazauninta. Takardar tana cikin jakata har yanzu.

Likita, ka cire min dutse daga ƙirji, Allah Ya jiƙan mahaifa. 'Yar'uwa mai aikin dare, kin ce kada in ambace ki, amma ba zan iya ba. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya kai haske kabarin iyayenki, Ya tsare ki kamar yadda kika tsare mana Baba. Kawu da ya ba da jini, da maƙwabciyar da ta riƙe min yara, Allah Ya saka da Aljanna. Akwai waɗanda Baba ya riƙa tun suna ƙanana, ko waya ba mu gani ba. Abin ya yi min ciwo, amma na bar wa Allah.

Yanzu yana ci da bakinsa kaɗan-kaɗan, jiki dai sai a hankali. Masu son zuwa dubiya, don Allah ku ƙara mana mako guda.