Asabar, ranar da muka zauna kan kyamarar tsakar gida

Gidan hayar da muke ciki a Tudun Wada, Gusau, iyalai huɗu ne da wani ɗan bautar ƙasa, kuma abin da muka yi tarayya a kai ya wuce rijiya da igiyar shanya. Muna da na'urar Wi-Fi guda da muke karo-karon kuɗin datarta duk wata, sannan bayan satar babur da aka yi a layinmu, Alhaji mai gidan ya sa an kafa kyamarori biyu masu aiki da sola.

Da hantsi ɗan bautar ƙasar ya zo da ƙorafin cewa datar da aka saya a farkon wata ta kusa ƙarewa. Na juya na'urar, na karanta adireshin da ke manne a ƙasanta, 192.168.0.1, na buga shi a wayata, sai ga shafin saituna yana neman suna da kalmar sirri. Duka biyun “admin” ne, yadda kamfani ya fitar da ita. Jerin wayoyin da ke haɗe ya kusa ninka yawan mutanen gidan, kuma ban yi mamaki ba, domin tun daga Android 10 da ta fito a 2019 mutum yana iya nuna wa abokinsa lambar QR ya shige ba tare da an furta kalmar sirri ba. Na fahimci dalilin da samarin layi suka mayar da jikin katangarmu wurin hira. Na canja kalmomin biyu, ta shiga intanet da ta shiga saituna, na kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da na'urar ba tare da an buga kalmar sirri ba, na buɗe layin baƙi daban don wanda ya zo ziyara kada ya zauna a layi ɗaya da kyamarori.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ci mini rana shi ne maganar da maiɗakina ta yi lokacin da take tsane shinkafa, cewa matan gidan sun daina fitowa wanki ba tare da hijabi ba tun da aka kafa kyamara ta biyu. Na fita na tsaya a ƙarƙashinta na duba da kyau. An ce don ƙofar gida aka sa ta, amma tana kan kusurwar zaure ne, fuskarta ta karkata ciki, tana ɗauko bakin rijiya, turmin daka, da rabin hanyar banɗaki. A jikinta akwai ƙananan ramuka na makirfo, wato ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da hirar da mata ke yi wadda ko mazajensu ba su ji.

Bayan la'asar muka sami Alhaji a zaure. Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma, wa da wa ke iya kallon abin da kyamarar nan ke ɗauka?” Ya ce shi kaɗai, ya ciro waya ya nuna mana. Da na roƙi izini na duba manhajar, sai na ga asusun da lambar yaron da ya kafa kyamarorin aka buɗe shi, Alhaji kuwa an raba masa kallo ne kawai. Ma'ana, mai ainihin mabuɗin yana wani shago a kasuwa, kuma duk wanda ya ari wayarsa zai iya ganin tsakar gidanmu. Ban zargi yaron da komai ba, wataƙila sauri ne ya sa ya yi hakan, amma amanar mutum ɗaya ba ta isa ta zama katangar iyalai huɗu ba.

Alhaji ya fara da cewa wa zai damu da gidan talakawa. Na gaya masa cewa a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin Wi-Fi a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakawa, ba ta tambayi ko gidan wane ne ba, har aka yi amfani da su wajen durƙusar da Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a Amurka. Na kuma ambaci dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukuma musamman don wannan sha'ani. Gaskiya duk wannan bai motsa shi sosai ba. Abin da ya sa ya yi shiru shi ne tambayar da dattijon cikinmu ya yi masa a hankali: “Alhaji, kai da ba ka shiga gidan nan sai ka yi sallama sau uku, yaya za a bar ido a ciki dare da rana?” Nan take ya aika a ɗauko tsani, ɗan bautar ƙasa ya hau ya juya kyamarar ta kalli titi, muka kashe ɗaukar sauti daga cikin manhajar.

Da magariba babu wuta, wayoyin gidan suka taru wurin caji a ɗakin maƙwabcina mai sola, kuma ina tsaye saƙon banki ya shigo wata waya, lambobin tabbatarwa suka bayyana a fuskarta alhali tana kulle. Na nuna wa mai ita yadda ake ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa, da yadda ake sa wa layin waya lambar sirri, tare da gargaɗin cewa kuskure sau uku yana kulle layin sai an nemo PUK, wato lambar buɗe layi da kamfanin waya ke bayarwa. Matar mai wayar ta ce tata wayar sai gobe, domin yara ne suka san lambar buɗe ta, ita ba ta riƙe ba.

Maganar asusun kyamarorin tana nan ba a gama ba. Alhaji ya ce zai kira yaron ranar Litinin a goge komai, a sake buɗewa da lambarsa, mu kuma mun nemi a yi hakan a gabanmu, a kuma gaya mana kwana nawa hotuna ke zama a katin ajiya kafin su goge.