Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Ƙyalla

Makon jiya mun tsaya a daren da na fasa asusuna, na zube kuɗin a kan tabarmar Inna ina ƙirgawa da hasken fitilar ƙwai. Ribar tallan gyaɗa ce da ɗan abin da na samu a yawon salla. Shekarar 1996 ce, ba a daɗe da yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato ba. Manya na ta zancen wa zai koma aiki Gusau, ni kuwa ba abin da ke raina sai zomo.

Ranar Talata Kawu ya goya ni a keke muka shiga kasuwar Mafara. Can bayan 'yan kaji muka iske wani tsoho da kwando rufe da buhu. Ya zura hannu ya zaro ɗaya ta kunne, yana ta shure-shure. Ruwan ƙasa ne, da ɗigon fari a goshi. Tsohon ya juya shi, ya hura gashin ƙarƙashinsa, ya ce, "Namiji na, ba shakka." Na biya ko tayi ban yi ba, abin da Kawu ya yi ta yi mini gori a kai har na yi aure.

Da na miƙa hannu zan karɓa yadda na ga tsohon ya yi, Kawu ya buge mini hannu. "Kai ɗana, wanga abu ba a ɗaukar shi ga kunne." Ya nuna mini: hannu ɗaya ya kama fatar kafaɗa, ɗayan ya tallafe gindi, sannan a manna shi a ƙirji. Har muka iso gida ina jin zuciyarsa na bugawa a kan tawa, da sauri kamar kalangu.

Inna ba ta yi murna ba. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, don haka ta dubi bango ta ce, "A faɗa wa mai zomo, ranar da ya taɓa mini kaya, tukunya za shi." Na sa masa suna Ƙyalla, na gyara masa tsohon akurkin kaji da ke gindin rumbu, inda rana ba ta dukansa, don Kawu ya ce zomo ya fi jure sanyi a kan zafi.

Kwana uku da zuwansa na kusa kashe shi da gata. Na ba shi ragowar tuwo, na tafi fadama na cika buhu da ganyen dankali mai raɓa, na zube masa duka. Ruwa kuwa ban ba shi ba, domin duk yaran unguwarmu sun haƙiƙance zomo ba ya shan ruwa. Ƙarya ce, yana sha sosai, kuma har yau ina jin manya da gemunsu suna maimaita ta. Washegari na same shi a takure, gindinsa ya ɓaci da zawo. Kawu ya kwashe ganyen, ya sa masa harawar gyaɗa busasshiya da kaskon ruwa, ya ce ɗanyen ganye sai ya sha iska ya yi laushi, kuma kaɗan-kaɗan. Dusa tafin hannu guda da yamma. Da ya warware, kashinsa ya koma ƙwaya-ƙwaya busasshe kamar na akuya, kullum da safe shi nake fara dubawa kafin in wanke ido.

Sai ɓarna. Ya gaigaye bakin tabarma, ya ci gindin muciya. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, dole ya samu abin da zai goge su a kai. Na riƙa kawo masa itace, Inna kuma ta riƙa ƙirga laifuffukansa.

Wajen mako uku da sayensa, Ƙyalla ya canja hali. Ya haƙa rami daga cikin akurkin ya nufi ƙarƙashin rumbu, yana cika baki da harawa yana shigewa da ita. Wata safiya na tarar yana fizgar gashin ƙirjinsa da haƙori, har fata ta bayyana. Na sheƙa wurin Kawu ina kuka, na ce ƙazwa ta kama shi ko kuma ya haukace. Kawu ya zo ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Namijin naka haihuwa za shi yi."

Ashe da cikinta tsohon ya sayar mini. Cikin zomanya wata ɗaya ne, kwana 31 ko kusa da haka, gashin kuma shimfiɗar 'ya'ya take yi. Inna da ke tankaɗe ta ce, "Ayya, baiwar Allah," kuma daga ranar ita ke ajiye mata dusa mai kyau.

Kwana biyu bayan haka cikin ya saɓe. Na duba ko'ina ban ga ɗa ko ɗaya ba. Bakin ramin ma ta toshe shi da ƙasa, ta daddale, ta koma gefe tana cin harawarta kamar ba ita ba. Yini guda na yi gadi, ko kallon wurin ba ta yi ba. A lokacin ban san cewa zomanya sau ɗaya ko biyu take shayarwa a kwana ba, na 'yan mintuna, galibi da dare ko da asuba, sannan ta mayar da ƙasa ta rufe saboda gafiya da maciji. Abin da na sani kawai, ta binne 'ya'yanta da rai.

Na jira Inna ta shiga ɗaki sallar la'asar, Kawu kuma ya tafi gona. Na ɗauko 'yar fartanyata, na durƙusa a gindin rumbu, na fara tono.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.