Wa Ke Yanke Hukuncin Wanda Ya Kai Makaho a Filin Wasa?

Ni dai a harkar wasannin makafi, abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne yadda ake tantance wanda ya cancanci shiga. Mutane sukan ɗauka makanta iri ɗaya ce. Ina! Akwai wanda ko hasken rana ba ya gani, akwai mai ganin dishi-dishi, akwai kuma wanda ke hangen abin da ke gabansa kaɗai, gefe da gefe duhu. Ka tara waɗannan a fili ɗaya ba tsari, ka ci amanar na farkon.

A wasanni irin su golbol, ƙwallon ƙafa da judo, wannan nauyi yana wuyan hukumar wasannin makafi ta duniya, IBSA, wadda aka kafa a birnin Paris a 1981. Ta daɗe tana raba 'yan wasa gida uku: B1 ga waɗanda ba sa gani ko kaɗan ko kusan haka, sai B2 da B3 ga masu sauran gani. Likitocin ido ne ke gwada mutum kafin a ba shi rukuni.

A wasan golbol an huta da wannan rigima tun da wuri. Hanz Lorenzen da Sepp Reindle ne suka ƙirƙiro shi a 1946 domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum uku-uku ne kowane ɓangare, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, ƙwallon kuma nauyinta kilo 1.25, da ƙararrawa a cikinta. Kowa sai ya rufe ido ruf da abin da aka tanada, don haka ɗan B3 bai fi ɗan B1 da komai ba. An saka igiya a ƙarƙashin layukan fili yadda ɗan wasa zai laluba da hannu ya san inda yake. 'Yan kallo kuwa dole su yi tsit, domin da kunne ake tsaron raga. Na sha tunanin yadda mai son ihu irina zai iya jurewa.

Ƙwallon ƙafar makafi ta bi wata hanyar: 'yan B1 huɗu a fili, mai tsaron gida yana gani, ga kuma mai ba da umarni a bayan ragar abokan hamayya. Tun da aka shigar da ita gasar Paralimfik, wato Olimfik ta masu buƙata ta musamman, a Atina a 2004 Barazil ke kwashe zinariya, sai a 2024 Faransa ta karɓe a gida bayan ta doke Ajantina a bugun fenariti. 

Inda aka daɗe ana kwana da matsala shi ne judo. Shekara da shekaru ana haɗa rukunonin uku su kara da juna, nauyin jiki kawai ake dubawa, ba a kuma rufe wa kowa ido. Hujjar ita ce ai da riƙon rigar juna ake farawa, gani bai da wani tasiri. Ban taɓa gamsuwa da wannan ba. Wanda ke iya ganin motsin ƙafar abokin karawarsa, ko da inuwa-inuwa ne, ya riga ya yi gaba. Bayan gasar Paralimfik ta Tokyo 2020, IBSA ta sauya tsarin zuwa J1 na makafi da J2 na masu sauran gani, aka kuma yi amfani da shi a gasar Paris ta 2024.

Gyaran bai zo kyauta ba. An rage azuzuwan nauyi, na maza daga bakwai zuwa huɗu a kowane rukuni, wanda ke nufin wani zai kara da wanda ya fi shi jiki sosai. Wasu masu sauran gani da dama kuma sabon ma'aunin ya fitar da su gaba ɗaya. Duk da haka ina ganin an yi daidai, ko da an makara.

Saura mata a ƙwallon ƙafa. Sai a 2023 aka yi musu gasar duniya ta farko a Birmingham, Ajantina ta ɗauki kofi, amma a Paris 2024 maza kaɗai aka gani a fili.