Abin da na koya a ƙungiyar masu kallon taurari kafin in bar ta

Na ajiye muƙamin mai kula da kayan aiki a ƙungiyarmu ta masu kallon taurari a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma tun da 'yan'uwa suna ta kirana suna tambaya ko faɗa aka yi, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba a yi faɗa ba. Abin ya daɗe yana cina ne, tun daren Litinin 21 ga Disamba 2020.

Waɗanda suke tare da mu a lokacin sun san daren. Taurarin Mushtari da Zuhal suka matso kusa da juna har tazararsu ta koma kashi ɗaya cikin goma na digiri, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata. Kusan duk shekara 20 sukan haɗu, amma rabonsu da kusantar juna haka tun 1623, kuma ba za su sake ba sai Maris 2080. Wahalar ita ce suna biye da rana kusa-kusa. Rana za ta faɗi shida saura, su kuma kafin takwas sun bi ta. Ga hunturu kuma: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi takan tsaya a gefen sama, duk abin da ya sauko ƙasa da digiri goma ta haɗiye shi. In ka cire sallar magariba, abin da ya rage mana bai cika awa ɗaya ba. Na rubuta lissafin nan a takarda, na miƙa wa Shugaba hannu da hannu tun da sauran lokaci.

Shi kuwa Shugaba taro yake shiryawa. An yi hayar kujeru da lasifika, an buga takardun gayyata, an gayyato wani babban ma'aikaci a matsayin babban baƙo. Madubin hangen nesa na ƙungiya, wannan mai faɗin milimita 200, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle aka ɗaura masa zare, wai baƙo ne zai yaye shi da hannunsa. Muka idar da salla, ga taurarin biyu a yamma tamkar guda ɗaya, ga ɗalibai sun yi layi da iyayensu, baƙo bai iso ba. Na matsa kusa da Shugaba na rage murya.

"Yallaɓai, a bar yaran nan su fara leƙawa. In baƙo ya iso sai mu sake rufewa ya buɗe."

"Malam, kai aikinka ƙarfe da gilashi ne. Tsarin taro ka bar wa masu shi."

Baƙo ya iso bakwai ta gota. Aka yi addu'a, aka yi jawabin maraba da Faransanci, aka maimaita da Fulatanci, aka gabatar da 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya ana tafi. Da aka yaye ƙyallen, Zuhal ya riga ya shige ƙura, Mushtari kuma ya koma wani jan ɗigo mai rawa a saman bishiyoyi. Baƙon, Allah ya saka masa, ya duƙa ya leƙa, ya ce ma sha Allah, ya shiga mota. Wasu suna cewa fitilun da aka kunna da janareta ne suka ɓata daren, to ba su ba ne. Waɗannan biyun suna da hasken da ko a tsakiyar kasuwa za a gan su. Lokaci ne kawai aka kashe.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, don ba yau aka fara jiran babban baƙo a ƙasar nan ba. Amma rahoton da aka karanta a zama na gaba, mai ɗauke da hatimin ƙungiya, cewa ya yi an samu "matsalar saitin madubi daga ɓangaren kayan aiki". Ɓangaren kayan aiki ni kaɗai ne. Madubin nan ni na daidaita shi ana gobe taro, na gwada shi a ƙofar gidana, yaran unguwa suka ga zoben Zuhal da watannin Mushtari a fage ɗaya, har wata tsohuwa maƙwabciyata ta zagaya gaban madubin tana duba ko hoto na liƙa a ciki. Na nemi a gyara jimlar, aka ce an riga an aika rahoto. Washegarin taro ma taurarin suna nan kusa da juna, na roƙi a ba ni madubin in kai wa ɗaliban da suka koma gida hannu rabbana, aka ce sai kwamiti ya zauna. Duk wanda yake wurin ya san gaskiya, ba wanda ya ce uffan.

Daga nan na fara lura da abin da a da nake kawar da kai a kansa: yawancin zamanmu taron tsintsiya ne, ba shara. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma hasken waya na daƙiƙa kaɗan ya isa ya mayar da kai baya. A fitarmu ta ƙarshen wata zuwa bayan gari, hanyar Pitowa, ban taɓa samun rabin awar nan cikakkiya ba. Wani zai haska tocila yana neman sukari, wani zai ɗauki hoto da filasha, a hura gawayin shayi dab da madubi, zafi yana tashi yana kaɗa hoton. Sai a dawo gida a ce an ga sama.

Abin da na iya, ni kaɗai na koye shi, a kan tabarma, da tabarau na hangen nesa mai ido biyu da littafin rubutu da 'yar fitila da na naɗe wa jar leda. A nan na gane cewa abu mai dishi-dishi ba a kafa masa ido, gefensa ake kallo sai ya fito. A nan na bi Betelgus, jan tauraron nan na rukunin taurarin Oriyon, lokacin da ya yi ta dusashewa daga ƙarshen 2019 har tsakiyar Fabrairu 2020, ina gwada shi da maƙwabtansa dare bayan dare har haskensa ya zo daidai da na maƙwabcinsa Belatiriks. Daga baya masana suka nuna ƙura ce ya fesar ta tare haskensa. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ana hira. Garwa tana kan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka muna da abin da mutanen Turai ke biyan kuɗin jirgi su gani: a Afrilu da Mayu taurarin kudu suna fitowa sarai, har da dunƙulen taurarin nan Omega Sentauri. Daren da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya yi ƙasa aka ɗauke wutar unguwarmu, mutane suna tsaki, ni ina shimfiɗa tabarma.

Ba ina cewa kaɗaici ba shi da tasa wahalar ba. Namiji shi kaɗai a saman soro da tabarau cikin dare, maƙwabta ba taurari za su fara kawowa a ransu ba, kuma suna da gaskiya, gidajen mutane ne a ƙasa. Wasu sun ɗauke ni mai duba, har aka taɓa zuwa a tambaye ni ranar da ta dace da ɗaurin aure. Bayan gari kuma ba wurin zuwan mutum ɗaya ba ne da dare a wannan zamani, kuma in jandarma suka tare ka da dogon bututu a bayan babur, takardar ƙungiya mai hatimi ce ke fitar da kai. Wannan amfanin ƙungiya ne na gaske, ga kuma madubin da albashin mutum ɗaya ba zai saya ba.

Labarin tauraro mai wutsiya na Hale da Bopp yakan faɗo mini a nan. Dare ɗaya suka gano shi, a Yuli 1995. Alan Hale yana shi kaɗai a ƙofar gidansa a jihar New Mexico. Thomas Bopp kuwa ko madubi bai mallaka ba, yana cikin abokai a hamadar Arizona, ya leƙa na abokinsa ya ga wani ɗan hazo kusa da dunƙulen taurarin da ake kira M70. Abokan nan kallo suka fita yi, kuma mai madubin bai ce sai kwamiti ya zauna ba. Akwai ma ƙungiyar AAVSO ta Amurka, wadda tun 1911 take tattara ƙiyasin hasken taurari masu sauyawa daga masu sha'awa a duniya: kowa ya yi kallonsa a inda yake, ya aika abin da ya gani. Irin tarayyar da nake nema ke nan yanzu, da mutum biyu ko uku da suka iya yin shiru.

Sauran darussan gajeru ne. Duk lissafin da ka ba shugaba, ka ajiye kwafi. Mafi kyawun samanmu daga ɗaukewar damina ne zuwa kafin ƙura ta sauko, a daina ɓata shi da zaɓen kwamiti. Kada a karɓi muƙamin da laifi ke sauka a kansa amma makulli yana aljihun wani.

Wanda zai gaje ni, ga amana: a fitar da madubin ya sha iska kamar rabin awa kafin a fara kallo, kuma ƙurar hunturu in ta kwanta a kan gilashin a bar ta, ba ta rage komai sosai. Kada a goge shi da ƙyalle ko da wane ne ya ba da umarni. Layuka biyun nan da ke gefensa na hagu ba ni na yi su ba, an goge shi ne da hankici ana shirin ɗaukar hoton kwamiti.